Akwatin OCR yana sauka ƙasan shafin PDF maimakon sama

Ɗan Mabera: Salamu alaikum. Ina sikan ɗin takardu na A4 a 300 dpi (ɗigo 300 a kowane inci), Tesseract, manhajar OCR mai karanta rubutu daga hoto, ya fitar da wurin kowace kalma, sannan in zana akwati a kan PDF ɗin. Sai akwatin da ya kamata ya kewaye sunan da ke sama ya koma can ƙasa, wani lokaci ma ya fita shafin gaba ɗaya. Ina kuskuren yake?

Injiniyan Arkilla: Wa alaikumus salam. Matsala biyu ka haɗa: ma'auni da mafari. Hoto da fiksel yake ƙirga, daga kusurwar sama ta hagu ya gangaro. PDF kuwa da poyin, 72 a inci guda, kuma daga kusurwar ƙasa ta hagu yake hawa. A4 a 300 dpi fiksel 2480 ne da 3508, amma a PDF kusan poyin 595 da 842 ne kawai. Shi ya sa lambobinka ke tsallake shafin.

Ka ninka komai da 0.24, wato 72 a raba da 300. A ce an ba ka hagu 300, sama 600, faɗi 900, tsayi 75. Sun zama 72, 144, 216, 18. Gefen hagu 72, na dama 72 da 216, wato 288. Saman akwatin 842 a cire 144, saura 698, ƙasansa 680. Abin da za ka rubuta ke nan: 72, 680, 288, 698. A kula, cikin tsare-tsaren da Tesseract ke fitar da sakamako, fitarwar TSV faɗi da tsayi take bayarwa, hOCR kuwa kusurwa biyu na akwatin. Mutane da yawa nan suke zamewa.

Malama Runjin Sambo: Lissafin Injiniya daidai ne, muddin shafin daga sifili ya fara. Ba kullum ba ne. Duba CropBox, wato iyakar ɓangaren shafin da ake nunawa. In ya ce 36, 36, 559, 806 kuma daga shi aka ɗauki hoton, sai ka ƙara 36 a hagu, ka riƙa cirewa daga 806, ba 842 ba. pdftoppm, mai mayar da shafin PDF hoto, da MediaBox (cikakken girman shafin) yake aiki sai ka ce masa -cropbox, don haka ka san wanne aka ɗauka.

Sai Rotate, wato digirin da aka juya shafin. In 90 ne, nisa daga saman hoton shi ne x na shafin (ma'aunin kwance), nisa daga hagu ya zama y (ma'aunin tsaye). Kuma ƙa'idar PDF ta yarda a rubuta kusurwa biyu masu fuskantar juna ta kowane tsari, saboda haka ka fara jera ƙarami da babba, in ba haka ba faɗi ya fito ƙasa da sifili. In da PyMuPDF (kayan aikin PDF na Python) kake zanen, kada ka juya y, shi ma daga sama yake ƙirga; ka juya, ka koma gidan jiya.

Mai Ɗab'i: In takardun za su zo wurinmu, ranka ya daɗe, a sa TrimBox, nan wuƙa ke bi. A bar rarar milimita 3 a kowane gefe cikin BleedBox, akwatin da ya ɗan zarce wurin yankan, kusan poyin 8.5, kada farin layi ya fito a bakin katin biki.

Ɗan Mabera: Madalla, 0.24 ɗin ne da juyin y. Saura shafuka huɗu masu Rotate 270, su zan gwada da dare in an kawo wuta.