Kaushi da faso sun sako ni gaba a hunturun nan, ya kuke yi?

Uwar Biyu: Assalamu alaikum 'yan uwa. Tun da iskar nan ta fara kaɗawa a ƙarshen Nuwamba na rasa gane kan fatata. In na shafa mai da safe, kafin azahar ƙwaurina ya yi fari fat kamar na shiga toka. Diddige kuwa faso ya tsattsaga shi, har zanin gado yake kamawa da dare. Jiya da na taka ruwan wanki sai da na yi ƙara. Na sayi mai mai tsada har kala biyu, a banza. Don Allah wanda ya taɓa fama ya taimaka.

Hajiya Babba: Wa alaikumus salam 'yata. Ba a tsadar mai abin yake ba, a lokacin shafawa yake. Mu da muka tashi a ƙauye ba mu san komai ba sai man kaɗanya. Kina fitowa daga wanka kada ki bari jiki ya bushe ƙayau, ki ɗan tsane ruwan, ki murza man a tafin hannu ya narke, ki shafe jiki tun da danshinsa. Mai ba ya kawo ruwa, wanda ya tarar yake tsarewa. Faso kuma, bayan isha'i ki jiƙa ƙafa a ruwan ɗumi kamar minti 10, ki goge kaushin da dutse a hankali, ki cike tsagar da kaɗanya ko basilin, ki sa safa ki kwana. Warin kaɗanyar ne dai Alhaji bai taɓa so ba, amma shekara 30 yana haƙuri.

Mai Adaidaita: Ni leɓe ne ya dame ni, wuni nake a titi cikin ƙura. Da ina ta lasa, ashe yawun ne ke ƙara busar da shi, har ya kai ba na iya dariya sai jini. Yanzu ƙaramin gwangwanin basilin ba ya barin aljihuna, har bakin hanci nake ɗan shafawa saboda haɓo.

Malam Ɗan Damagaram: Ku na Kano saura kuke samu, mu muke fara shan ta. Yawancin ƙurar daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi take tasowa, busasshen gindin tsohon tafki ne, iskar arewa maso gabas ta kwaso ta. Ni hannuna alwala ce ke fasa shi, sau biyar a jiƙa, iska ta busar. Sai na ajiye mai kusa da buta, ina idarwa in shafa.

Malamar Jinya: Yaya Uwar Biyu, da wane irin ruwa kike wanka? Ruwa mai zafi sosai yana wanke maiƙon da fata ke yi da kanta, haka ma sabulu mai kaifi da dirzar soso. Gilisarin yana da kyau, amma ruwa yake jawowa, don haka a shafa shi a jiƙaƙƙen jiki a bi da mai a kai. Ni na taɓa lafta shi zalla a busasshiyar fata, na wuni ina danƙo ƙura na manne min. Masu man bilicin su ne suka fi shan wuya a wannan lokaci, don wasu mayukan suna sirantar da fata. Mai ciwon suga kuma kada ya sa reza ya yanke kaushi, kada ya raina faso. Na ga ƙaramar tsaga ta zama gyambo a wurin aiki. In ta yi ja, ta kumbura ko tana ruwa, asibiti kawai.

Uwar Biyu: Malama kin kama ni. Ruwan da nake wanka da shi ko kaza aka tsoma sai ta fige, kuma sai na gama shirya yaran makaranta nake shafa mai. Hajiya, kwana huɗu ke nan ina kwana da safa, zanin gado ya daina kamawa. Tsaga ɗaya ce ta ƙafar hagu har yanzu take min zafi in na taka. Saura 'yan biyun, su kuma ko na shafe su, suna fita tsakar gida sun koma kamar an tono su.