Wace kalma za mu sa a madadin "resilience" a makarantunmu?

Malamai 'yan'uwana na Katsina da Daura, kalmar Turancin nan "resilience", wato iya dawowa daidai bayan an sha wahala, ta yawaita a tarurrukan horar da malamai, kuma kusan kowa da "juriya" yake fassara ta. A ganina da gyara.

Daga cikin waɗanda suka shigo da ita harkar tarbiyyar ɗalibai akwai Martin Seligman na Jami'ar Pennsylvania a Amurka, wanda a 1998, yana shugaban ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam ta ƙasarsu, ya nemi a daina tsayawa kan damuwa da cuta kaɗai, a binciki abin da ke sa mutum ya bunƙasa. Abin da suke koya wa yaro shi ne, idan ya faɗi jarrabawar lissafi, kada ya yanke wa kansa hukuncin cewa shi daƙiƙi ne. Ya duba ko rashin bita ne ya kayar da shi a wannan zangon, tunda wannan mai gyaruwa ne.

Juriya kuwa a bakinmu tana tafiya da cije leɓe da haɗiye kuka, haka ma dauriya. Malamin da ya ce wa yaro "ka jure" shiru yake nema daga gare shi. Idan wannan kalma ta shiga manhaja, yaro za a bar wa nauyin shi kaɗai, alhali binciken Emmy Werner, masaniyar halayyar ɗan Adam, wadda ta bi rayuwar yara 698 da aka haifa a tsibirin Kauai na Hawaii a Amurka a 1955, ya nuna cewa kusan ɗaya bisa uku na waɗanda suka taso cikin ƙunci sun girma lafiya lau, kuma galibi akwai wani babba da ya tsaya musu, kaka ko malami. Ɗalibai sama da 300 da aka sace a Ƙanƙara a Disambar 2020 sun riga sun jure a daji. Abin da ya rage bayan sakinsu shi ne su iya barci, su iya komawa aji.

Wata malama daga Daura ta kawo "murmurewa", amma wannan ta majinyaci ce. Ni "ƙarfin farfaɗowa" na zaɓa, kamar geron da ya yi yaushi saboda tsayawar ruwa, aka yi ruwa ya miƙe. Wanda zai ce farfaɗowa ta wanda ya suma ce, ya tuna cewa a rediyo kullum ana cewa kasuwa ta farfaɗo, ba kuma wanda ya taɓa neman ƙarin bayani.