Saura kwana 9 in zauna GRE: in ɗage ko in rufe ido in shiga?

Maman Biyu: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Saura kwana 9 in rubuta GRE, jarrabawar neman gurbin karatun digiri na biyu ko na uku, jami'ar da nake nema kuma za ta rufe karɓar takardu nan da mako biyar. Jiya na gwada PowerPrep, wato jarrabawar gwaji ta GRE, na samu 158 a Turanci, lissafi kuwa 147, alhali lissafin suka fi dubawa a sashen da nake nema. Awa biyu kawai nake samu bayan yara sun yi barci. In ɗage ko in shiga a haka?

Ɗan Laburare: Wa'alaikumus salam. Ki duƙufa haddar kalmomi, hamsin kullum. Ni su suka cece ni.

Maman Biyu: Malam, ai Turancin ba shi ne damuwata ba.

Mai Haƙuri: Ƙanwata, kafin komai ki buɗe fasfonki ki gwada sunan da wanda ke kan rajistarki, harafi bayan harafi. Ni wata huɗu na yi ina shiri. Wani da ke yi wa mutane rajista na ba wa kuɗi, ya juya mini suna, ya kuma yar da harafi ɗaya. Ran jarrabawa mai tsaron ƙofa ya ɗora yatsa a kan sunan, ya dube ni, ya girgiza kai. Ina tsaye da fasfo a hannu kowa ya shige. Kuɗina dala 205 suka tafi, shekarar ma ta tafi. Na kira mutumin ya fi sau ashirin, bai ɗauka ba. Har yau in na tuna sai ƙirjina ya yi nauyi.

Injiniya: Allah Ya mayar da alheri, Yaya. Amma 205? Ni 220 na biya.

Mai Haƙuri: Rasit ɗina yana nan, ba da ka nake faɗa ba.

Anti Malama: Ku duka kuna da gaskiya, an ƙara kuɗin ne daga baya. Maman Biyu, ki shiga kawai. In bai yi kyau ba ki sake, ana yarda bayan kwana 21. Ki ajiye ƙarfinki saboda zaman kusan awa huɗu.

Injiniya: Anti, wace shekara kika rubuta? Tun Satumbar 2023 ETS, hukumar da ke shirya jarrabawar, ta rage ta zuwa awa 1 da minti 58, rubutu ɗaya kacal na minti 30. Kuma ki lissafa: 9 da 21 kwana 30 ke nan, sakamako na ɗaukar kwana 8 zuwa 10. Mako biyar kwana 35 ne. Zama na biyu ba zai riski wa'adin ba. Gara ta ɗage da kwana goma ta zauna sau ɗaya, amma sai ta yi hakan aƙalla kwana huɗu kafin ranar. Ta mayar da hankali kan sashen farko na lissafi, tambaya 12 a minti 21, don shi ke yanke wahalar na biyu.

Anti Malama: Ni dai na samu gurbi na gama digirina. Kai fa?

Injiniya: Ina jira, Anti. Amma ni sabuwar na zauna.

Autan Zaure: Maman Biyu, ki ba 'yan biyun kalkuleta su taya ki, kai uku ya fi ɗaya 😂

Ɗan Laburare: Wasa a gefe, kada ki bar tambaya ba amsa, ba a rage maki don kuskure.

Mai Haƙuri: Ko kin ci 170 ma, makin ƙoli, wasiƙun shaida daga malamanki fa? A karo na biyu na samu makin da nake so, wani malamina ya riƙe wasiƙata mako shida, kullum "gobe in sha Allahu".

Anti Malama: Ɗalibai ma sai saura kwana uku suke zuwa, ko takardar tarihin karatunsu ba su kawowa.

Maman Biyu: Innalillahi, ni ma ɗaya cikin malamaina uku bai amsa imel ba tun makon jiya. In je ofishinsa ne ko zai ga na matsa masa?