Neman shawara: daga Madrid zuwa Ƙurɗuba da Granada bayan an watse daga ziyarar rukuni

Abban Khalil:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah a taimaka, kaina ya kulle. Ni da mahaifiyata muka biya kuɗin ziyarar rukuni ta kwana 10, Faris, Basalona, a ƙare a Madrid ranar 12 ga Oktoba. Hajiya ta koyar da tarihin Musulunci a Islamiyya sama da shekara ashirin, tun muna yara take ba mu labarin Andalus, da ta ga Sifaniya a cikin tsarin sai ta ce ba za ta dawo ba ta ga masallacin Ƙurɗuba da fadar Alhambra ta Granada ba. Yayata ce ya kamata ta raka ta, haihuwa ta zo mata, abin ya faɗo kaina, ni kuma iyakata Umara. Hajiya shekararta 68, gwiwa na damunta. Na tsara mu kwana Ƙurɗuba 13, Granada 14 da 15, mu taso gida 16. Na riga na biya otal na Granada, irin wanda ba a mayar da kuɗi. Jirgin ƙasa za mu hau, ko bas, ko in yi hayar mota?

Injiniya Sabo:
Wa alaikumus salam. Malam, ajiye maganar mota tukuna, ɗauko fasfo. A jikin bizar akwai abu uku: ranar farawa da ƙarewa, adadin shiga, da adadin kwanakin zama. Me aka rubuta? Kuma tikitin dawowarku na rukuni ne?

Abban Khalil:
Daga 3 zuwa 30 ga Oktoba, to ka ga akwai sarari. Shiga 01, kwanaki 13. Tikiti kuwa wakilinmu ya ce za a gyara.

Injiniya Sabo:
Babu sarari. 30 ɗin nan ba taka ba ce. Ofishin biza kan ƙara kwana 15 a kan wa'adi don ko tafiya ta ɗaga, amma zaman da aka yarje muku 13 ne, kuma ranar shiga da ranar fita duk ana ƙirga su. Kun sauka 3, kwana na 13 ya faɗa 15. Fita ranar 16 wuce wa'adi ne, ko da na awa biyu. Tun Oktoban 2025 aka fara ɗaukar yatsu da fuska a iyakokin Shengen, wato ƙasashen Turai masu biza ɗaya, na'ura ke ƙirgawa, kuma abin zai biyo ku duk ranar da kuka sake neman biza.

Ga yadda za ta yiwu. Ranar 12 da yamma ku hau jirgin ƙasa daga tashar Atocha ta Madrid kai tsaye zuwa Granada, kusan awa uku da rabi. Alhambra ranar 13. Ranar 14 da safe ku nufi Ƙurɗuba, ƙasa da awa biyu, ai a kan hanyar komawa take. Ku ga masallaci, da yamma ku ƙarasa Madrid, shi ma kusan awa biyu, ku kwana, ku tashi 15. Sayi tikitin 12 ɗin yau ɗin nan, ranar hutun ƙasa ce a Sifaniya, kujeru na ƙarewa.

Maman Ilham:
"Za a gyara" ba tikiti ba ne. Ka ce ya turo maka sabon tikiti mai ranar 15 a rubuce, da lambar da za ka duba da kanka a shafin kamfanin jirgin. Tikitin rukuni sau da yawa ba ya karɓar canji sai da tara, wani ma sam. Wakilan nan kafin ka biya waya ɗaya sun ɗauka, bayan ka biya sai ka ji suna Umara. Su haɗa takardu sakaka, a hana mutum biza, kuɗi ya bi ruwa, babu mai ce musu uffan. Duba inshorarku ma. Ta biza dole ta kai yuro 30,000, amma galibi iya kwanakin rukuni suke saya. In ta ƙare 12, Hajiya za ta yi kwana uku babu komai a kanta.

Ɗan Maraɗi:
Ni dai bas zan ce. Bas ɗin kamfanin Alsa na tashi daga tashar Méndez Álvaro a Madrid, kusan awa biyar zuwa Granada, ya fi araha, akwatuna a ƙasa babu mai auna maka. Jirgin ƙasa in lokaci ya matso kuɗinsa hawa yake. Kuma tunda kun je kudu, daga Tarifa jirgin ruwa awa ɗaya ne zuwa Tanja, Hajiya ta taka Maroko.

Injiniya Sabo:
Shiga 01 gare su, wato sau ɗaya tak. Suna taka Tanja bizar ta mutu, jirginsu kuma a Madrid yake. Sannan awa biyar a naɗe ga mai ciwon gwiwa? Haba. Maganar kaya: a AVE, jirgin ƙasa mai gudu na kamfanin Renfe, mutum na da jaka uku, jimilla kilo 25. Jiragen Avlo da Ouigo ne masu arahar da ƙaramar jaka kawai ke shiga kyauta, babban akwati sai an biya. Ana saka kaya a na'urar bincike kafin a shiga, don haka ku isa da rabin awa. A tashoshin akwai masu taimaka wa tsofaffi kyauta har bakin kujera, ka nema lokacin sayen tikiti.

Abban Khalil:
Na ji, amma otal ɗin 14 da 15 fa? Kuɗi ne masu yawa. Wakilin ya ce kwana ɗaya ba a kulawa, kuma ya daɗe a harkar. Shi ya sa ma nake tunanin mota, in muka ga dama mu taso da asuba.

Usman T.:
Mota za ta ƙara maka ciwon kai. Suna neman lasisin tuƙi na ƙasa da ƙasa, da katin bashi mai sunan direba da za su riƙe kuɗin jingina a kai, katin naira kuwa ka san halinsa a waje. Masu arahar duk giyar hannu ce. Tsakiyar Granada akwai titunan da aka hana baƙin motoci shiga, kyamara ke ɗauka, tara ta same ka a kati bayan ka dawo. Otal kuwa rubuta musu ka roƙi a matsar da ranaku zuwa 12 da 13. Ba mayar da kuɗi ka nema ba, wasu kan yarda.

Malama Hadiza:
Duk kun bar babban abu. Ka sayi tikitin Alhambra? Yakan ƙare makonni kafin ranar. Da suna da lambar fasfo ake sayarwa, a shafin hukumar fadar, kuma dole ku riƙe fasfon a hannu. Ɓangaren fadojin Banu Nasr, sarakunan Musulmi na ƙarshe a Granada, yana da lokacin shiga a jikin tikiti, ka makara an rufe maka. Fadar a kan tudu take, ku hau ƙaramar bas C30 ko tasi, kar Hajiya ta taka. Ka kuma shirya mata zuciya: masallacin Ƙurɗuba da Abdurrahman na ɗaya ya fara ginawa wajen 785 coci ne tun 1236, masu gadi ba sa barin a yi salla a ciki. Inda za ta yi salla shi ne babban masallacin Granada a unguwar Albaicín, wanda aka buɗe a 2003, daga lambunsa ana hango Alhambra gaba ɗaya. Abincin halal na nan a layin Calderería Nueva.

Injiniya Sabo:
Tikitin Alhambra shi zai yanke komai. In babu na 13, a juya: Ƙurɗuba 13, Alhambra 14 da safe, Madrid da dare.

Ɗan Maraɗi:
To a nan bas ɗin dare zai yi amfani kenan.

Abban Khalil:
Na duba, na 13 da 14 sun ƙare, saura 15 ƙarfe 2 na rana, daidai da tsarina na farko. Ina ganin zan saya kafin shi ma ya tafi. Ba a iya neman ƙarin kwana ɗaya a can ba?

Maman Ilham:
Sai da larura kamar kwanciya asibiti, yawon buɗe ido ba ya ciki. Wakilin ya turo tikitin?

Abban Khalil:
Ya ce gobe in sha Allahu.