Abin da aka faɗa kan wanke gwal da adana shi

A wata tattaunawa kan yadda ake wanke kayan ado na gwal da adana su, kusan kowa ya tsaya kan hanya ɗaya: ruwa mai ɗumi, ɗigon sabulun wanke kwanuka, a jiƙa zobe ko sarƙa na ɗan lokaci, sannan a bi da buroshin haƙori mai laushi. A kula da ƙarƙashin dutsen ado da ke jiki, nan maiƙo da man shafawa ke taruwa har daimon ya dusashe. A ɗauraye a cikin kwano, don ɗan kunne ba ya wuyar bin rariya.

Man goge baki ne ya jawo gardama. Wasu sun rantse da shi, amma ni ina bayan waɗanda suka hana, domin yana kankare gwal, musamman mai karat 22 ko 24 da ba shi da tauri. Bilic kuwa, da ruwan wurin ninƙaya mai kulorin, suna cin ƙarafan da aka gauraya da zinariyar har ta yi rauni.

Lu'ulu'un teku ba ya son jiƙo, turare ma ɓata shi yake yi. A fesa turare tukuna kafin a sa shi, in an cire a goge da ƙyalle mai laushi. Azurfa in ta yi baƙi, ƙyallen goge azurfa ya wadatar.

Wajen ajiya, kowane da jakarsa, tunda daimon na karce duk abin da ya goga. In dutsen zobe ya fara motsi, a kai wa maƙerin zinariya ya matse shi.