Yayan matata na tafe daga Kano, ina zan kai shi a Damagaram?

Telan Zango:

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema, amma bari in fara tona wa kaina asiri. A unguwar Zango ta nan Damagaram aka yanke mini cibi, shekarata 43, shagon ɗinkina yana dab da Kasuwar Dole, kuma har yau ƙafata ba ta taɓa wuce ƙofar fadar Sarkin Damagaram ba. Na sha cin Sallah a filin, na kalli hawan ƙaho tun ina bisa wuyan babana, amma abin da ke bayan zauren nan ban san shi ba.

Abin da ya tado maganar, bara bayan ƙaramar Sallah na je Kano sarin yadi a Kantin Kwari, na sauka gidan yayan matata. Malamin makaranta ne, tarihi yake koyarwa. Kwana ɗaya na yi niyya, ya riƙe ni uku. Da sassafe ya hau da ni Dutsen Dala, ina haki kamar tsohon jaki shi kuwa yana ta nuna mini Gwauron Dutse da inda ganuwa ta bi. Ya kai ni Gidan Makama. Ya ratsa da ni lungunan Kurmi yana ce mini tun zamanin Sarki Rumfa ake cin kasuwar nan. Inda na fi daɗewa marinar Ƙofar Mata ce, abinka da tela, na tsuguna bakin rijiyar baba har hantsi ya dubi ludayi, ina kallon yadda zane ke fitowa kore-kore iska na bugunsa yana komawa shuɗi. Duk dutsen da muka taka, mutumin nan yana da labarinsa.

Daren da zan taho muna shan shayi sai ya ce, "To ku wa ya gina muku ganuwar Birni?" Na ce masa mutanen da ne. Ya yi dariya har da ƙwalla, ni kuma har yau abin na cina.

Yanzu ga shi ya samu hutun Disamba. Zai iso Laraba da marece ta hanyar Daura, ya juya Lahadi da safe. Mota ba ni da ita, babur ne kawai. Ina zan fara kai shi, ina zan bari? Kuma fadar, haka kawai mutum ke zuwa ya yi sallama, ko sai da wani a gaba?

Tsohon Mushe:

Wa alaikumus salam ƙanena. Kada kunya ta dame ka, shekara 31 na yi ina riƙe da alli a lakwal, kuma rabin abokan aikina haka suke.

Amsar tambayarsa Sarki Tanimun ne, wanda ya rasu a 1884. Shi ya ɗaukaka ganuwar, a zamaninsa aka riƙa zuba igwa a garin nan, kuma ayarin da ke tasowa daga Tarabulus ta Agadas a Zangonku yake sauke kaya kafin ya wuce Kano. Ka riƙe wannan, domin shi ne ya sa garin ya zama biyu, Birni na sarauta, Zango na fatake da Buzaye. Idan baƙonka ya gane haka, sauran yawon duk zai zauna masa.

Tunda ta Daura zai shigo, zai bi Matamai da Kance, ya hau babban titi a Takeita. Ka buga masa waya ka ce ya buɗe ido idan sun zo Tirmini. A nan dakarun Sarkin Damagaram Amadu Kuran Daga suka kara da Faransawa a watan Yuli na 1899, shekara ɗaya bayan an kashe Bafaranshen nan kyaftin Kazmaju a Damagaram. Kuma idan ya sake yi maka dariya, ka tuna masa cewa Kuran Dagan nan ya kai yaƙi har Gezawa zamanin Sarkin Kano Alu. Malamin tarihi ne, ba zai musa ba.

Alhamis ba sai na faɗa maka ba, ranar kasuwa ce, kuma gidanka ne. Juma'a ku yi salla a babban masallacin ƙofar fada, ya ga fitowar sarki da dogarai cikin ja da kore. Shiga ciki kuwa ku bar shi sai Asabar da hantsi, lokacin da babu cunkoso. Ku yi sallama ga dogaran bakin ƙofa, ku ce baƙo ne daga Kano yake son ganin gida. Su za su nemi izini su haɗa ku da mai zagayawa da ku. Ka tanadi ɗan goro a aljihu, ba farashi ba ne, ladabi ne.

Abu ɗaya ban yarda da shi ba a tsarinka, tafiyar Lahadi da safe. Lahadi ce kasuwar Mirya, kilomita 18 kacal. Ka ɓoye masa takalmi in ta kama.

Ƴar Birni:

Baba Mushe ya gama da tarihi, ni ta gida zan yi magana, don a Birni nake aure shekara 19 kuma ina ganin masu yawon nan kullum ta ƙofarmu.

Malam tela, don Allah ku ajiye babur a bakin fada ku shiga da ƙafa. Lungunanmu ba na babur ba ne, wani wurin dutse ne ya tsaya tsakiyar hanya aka gina gida a jikinsa. Kuma abin kallon yana sama, a goshin zaure da zankwaye, wanda ke kan babur ƙasa yake duba. Ku fito bayan la'asar, lokacin rana na kwanciya a kan zanen bango yana fitowa sosai.

Sai maganar hoto. Bangon waje ku ɗauka son ranku, amma gidajen nan da mutane a ciki. Kwanaki wasu samari suka leƙo mana har tsakar gida da waya a hannu, uwar mijina tana alwala. Ku yi sallama, in da dattijo a dakali ku gaishe shi, sau tari shi da kansa zai tashi ya nuna muku daurin gugan zauren, ya faɗa muku kakansa wane ne ya gina. Tsohon barikin da ke kan tudu kuwa, wanda Faransawa suka sa wa sunan Kazmaju, na soja ne, ko waya kada ku ɗaga wajen.

Ka ce wa maiɗakinka ta sa a yi mata alkaki tun ranar Talata wurin masu yi a gida, kada ku tsaya sai na tasha. Baƙon Kano in bai koma da alkakin Damagaram ba, matarsa za ta ce bai zo ba. Ku kuma cika randuna da jarkoki kafin ya iso. Kai ɗan gari ne, ka san halin famfonmu, kada baƙo ya tashi wanka ku shiga neman ɗan garuwa da asuba.

Ɗan Karkada:

Ni fa ban gane ba. Mutum ya taso daga Kano, garin da ya fi mu ganuwa ya fi mu fada, sai ku yini kuna nuna masa katangar laka? Yaya tela, ka kai shi ya ga jami'ar André Salifou, tunda malami ne. Ku bi titunan da aka gyara lokacin bikin Zinder Sabuwa a 2018. In da hali ku ɗauki hanyar Tanut ya hango matatar mai ta SORAZ, tun 2011 take aiki, ya san man da ke cikin babur ɗinka a nan aka tace shi. Kullum baƙo ya zo sai a nuna masa kamar mun tsaya a zamanin raƙuma.

Tsohon Mushe:

Ɗana, jami'a na yarda, su biya. Amma matatar ta haura kilomita 50, kuma daga bakin titi za su tsaya, ba wurin shiga ba ne. Ka ɗora magidanta biyu kan babur cikin hunturu su je su kalli bututu su dawo? Titi mai fitila kuma yana da shi a ƙofar gidansa. Abin da ba shi da shi shi ne garin da ya riƙe babban birnin Nijar har 1926 kafin a mayar Yamai, wai don ƙarancin ruwa da kuma kusancinmu da Kano ta Ingilishi. Ka ga ashe su ma da hannunsu a ciki.

Telan Zango:

Jama'a na dawo da bayani, Allah ya saka da alheri. Yaya ya zo ya tafi, kuma sai Litinin ya tafi, ban ma kai ga ɓoye takalmin ba.

Alhamis ta tafi yadda aka tsara, sai dai na yi kuskure na fara kai shi layin ƴan yadi, ya ce mini daga Kwari ya fito, in rufa masa asiri. Wajen dukawa ne ya zauna, ya sayi jakar fata da takalmi, ya yi ciniki da naira a ka yana juyawa zuwa sefa har mai kayan ya gaji ya ce a bar shi a jikka 6. Ƴan Abzin masu cuku ma sun ci kuɗinsa. Juma'a mun samu sahu a waje, ya ga fitowar sarki, ya ce algaitarmu ta fi tasu kaifi, kakakinsu ya fi namu tsawo. Ban tanka ba. Da marece na zaga da shi jami'a don kada Ɗan Karkada ya ce an watsar da shawararsa.

Asabar muka shiga fada. Yadda Baba Mushe ya faɗa haka aka yi, sallama, ɗan jira, sai wani dogari ya ja mu. Abin da ya fara kama ni sanyin zauren ne da kaurin bangon, na kai hannu na dafa kamar baƙauye. Soro bayan soro, kowace ƙofa da wanda ya isa ya wuce ta da wanda bai isa ba. Yaya yana tambaya yana rubutu a ɗan littafinsa, ni ina baya shiru. Can dogarin ya juyo ya ce mini, "Kai ma daga Kanon kake?" Na ce daga Zango. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "To sannu da hanya." Yaya ya samu abin dariya na shekara guda.

Amma ba fadar ce ta riƙe shi ba. Bayan la'asar mun shiga lungu da ƙafa kamar yadda Hajiya ta ce, sai muka tarar da wani tsohon magini bisa tsani yana gyaran goshin wani zaure da damina ta zaftare. Laka ce a ƙwarya, da ɗan guntun ƙarfe, da yatsunsa. Yana murza dagi yana fitowa kamar yadda nake zana aska takwas a wuyan riga, sai dai ni ina da alli da awo, shi ba ya da komai sai ido. Yaya ya nemi dutse ya zauna. Har aka kira magariba muna nan. Tsohon ya ce mana ƴaƴansa uku duk bulo da siminti suke yi, don a nan kuɗi yake, kuma bai ga laifinsu ba. Yaya ya ce a cikin birnin Kano ma sai ka yi tafiya mai nisa kafin ka ga irin wannan goshin a tsaye.

Ni abin da ban faɗa a wurin ba, gidan kakana a Zango yana da irin zanen nan, har da keke da takobi a jikin zaure. Ina saurayi muka rushe shi muka sa bulo, kuma ni na fi kowa murna ranar, don na gaji da yaɓe duk shekara. Ko hoto ba mu ɗauka ba. Da dare na ba Yaya labarin, na zaci zai yi mini faɗa irin na malamai, sai kawai ya tambaye ni ko ina iya tuna fasalin. Na ɗauko allin ɗinki na zana masa a kan teburin yanka. Ashe hannuna bai manta ba.

Mirya kuwa mun je Lahadi. Ya sha rake, ya zaga garake, ya sayi tulu duk da na ce masa ba zai kai iyakar Kwangwalam da rai ba. A cinya ya rungume shi cikin mota, alkaki a ƙarƙashin kujera. Jiya ya aiko da hoton tulun a tsakar gidansa, ko tsagewa babu, tare da saƙon cewa Bakano ba ya asara.

Hajiya Ƴar Birni, wata alfarma nake nema. Maginin nan ban karɓi lambarsa ba, na koma jiya an sauke tsanin. Dattijo ne siriri mai farin gemu, lungun da ke bayan masallaci in ka nufi wajen majema. Gaban shagona siminti ne, ban sani ba ko laka na kama shi ko sai an yi wata dabara, shi nake so in tambaya. In maigidanki ya san shi, a ce masa telan da ya riƙe masa tsani ranar Asabar yana nemansa.