Na sa hannu da dillali, sai ga gida ya fito ta wani gefen

Abban Yusra: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah shawara nake nema, kwana uku ke nan ban yi barcin kirki ba. Shekarata tara a Columbus, jihar Ohio ta Amurka, muna haya a ɗaki biyu da falo, ni da maiɗakina da yara huɗu. Babbar ta kai shekara 12, har yau ɗaki ɗaya take kwana da ƙannenta maza, abin ya daɗe yana ci wa uwarta rai. Maƙwabcinmu na ƙasa kuma da zarar yara sun ɗan yi guje-guje sai ya kama buga silin da sanda. Haya kullum gaba take yi. Aikin dare nake a sito, ita tana kitso a gida, har adashi ta shiga, da haka muka tara dala 22,000 na kafin alƙalami.

A watan jiya na samu dillali, ɗan'uwa ne, masallaci ɗaya muke salla. Ranar da zai fara nuna mana gida, muna tsaye a bakin ƙofa, ya ce tsari ya canja, sai na sa hannu kafin ya buɗe. Ya turo takarda a waya, na dangwala da yatsa. Yarjejeniya ce ta wata shida, la'ada kashi 3 cikin 100 na kuɗin gida. Ya ce kada in damu, galibi mai sayar da gidan ne ke biya. To yanzu abokin aikina zai koma Texas, ya ce zai sayar mini da gidansa kai tsaye a dala 290,000, amma sisi ba zai ba dillali ba. Nawa dillalin kuma ya ce la'adarsa tana nan, dala 8,700. Gidan da ba shi ya samo ba! Yaya zan yi?

Kawu na Bronx: Wa alaikumus salam. Ɗana, gida biyu na saya a ƙasar nan, saurare ni. Bai yi maka ƙarya ba. Masu sayar da gidaje ne suka yi ƙara a Missouri kan yadda ake ɗora musu la'adar dillalin mai saye, suka ci nasara a Oktoban 2023. Ƙungiyar dillalan, NAR, ta yi sulhu a kan dala miliyan 418. Tun daga 17 ga Agusta 2024 dillali ba ya zagayawa da kai gida sai da yarjejeniya a rubuce, da adadin la'adarsa ƙarara a ciki. Abin da mai gida bai biya ba, wuyanka yake hawa. Ka sa hannu, ka biya. Farkon suratul Ma'ida cewa ya yi a cika alƙawura.

Maman Fadila: Dillalai dai Allah ya shirye su. Ni a Kano na aika kuɗin fili, dillali ya karɓi la'ada a wajena, ya karɓa a wajen mai filin, bayan shekara biyu yayana ya je ya tarar wani ya sa harsashin gini. Har yau ana zaman sulhu a gaban mai unguwa. Ka yi haƙuri wata biyar ɗin su wuce, ka sayi gidanka lafiya lau.

Kawu na Bronx: Hajiya, wannan shawara za ta kai shi kotu. Da yawan takardun nan akwai sharaɗin da ke bin mutum na wasu watanni bayan wa'adi ya ƙare.

Ummi Houston: Kawu, Allah ya ƙara girma, amma sharaɗin nan yawanci a kan gidajen da dillalin ya nuna maka ko ya haɗa ka da su yake. Abban Yusra, ba ka faɗa mana ba, ya taɓa shiga gidan abokin naka tare da kai? Sannan takardar ta ce shi kaɗai ne wakilinka a duk gidan da ka saya, ko kuwa? Kashi 3 ɗin ma ba doka ta yanka ba, dole ne takardar ta ce ana ciniki a kai. Kuma da kamfaninsa ka ƙulla, ba da shi ba. Ka je wajen shugaban kamfanin ka nemi su sake ka, ko su rage tunda ba su yi wahalar nema ba.

Abban Yusra: Na gode Anti Ummi. Amma ku duba, shafi biyar a waya, ana sanyi, ƙaramin yana kuka a hannun uwarsa, wa zai tsaya karatu? Kuma dillalin nan shi ya ɗauko ni daga filin jirgi ranar da na sauka ƙasar nan. Ba zan tsallake shi in kai ƙararsa wajen ubangidansa ba. Jira kuma ba zai yiwu ba, abokina saura wata ɗaya da rabi ya tashi.

Sani Direba: Malam, ga hanya. Ku rubuta farashi 298,700, abokinka ya biya dillalin daga ciki, shi bai rasa komai ba, kai kuma ya shiga cikin bashin bankin da za ka riƙa biya duk wata. Sai dai dole mai ƙiyasin banki ya yarda gidan ya kai haka. Ni nawa da ƙiyasi ya zo ƙasa, cinikin ya watse, kuɗin duba gida da na biya suka tafi a banza, har yanzu raina yana ɓaci idan na bi ta layin.

Kawu na Bronx: Wato ya ci bashin shekara 30 a kan la'ada? A'a. Ya cire daga 22,000 ɗin, ya sa dillalin ya yi aikinsa: takardu, duba gida, binciken mallaka. Sayen gida daga hannun aboki ba tare da mai sa ido ba shi ya fi komai haɗari.

Abban Yusra: Kawu, idan na cire 8,700 me ya rage? Ga kuɗin rufe ciniki, wato na banki da na takardu da ake biya ranar kammala saye, ban ma lissafa ba. Abokina kuma mutumin kirki ne, na san gidan, na sha cin abinci a ciki. Ni dai ina ganin in sa liman ya yi wa dillalin magana.

Ummi Houston: Liman ba zai goge sa hannu ba. Har yanzu ba ka amsa ni ba, ka buɗe takardar kuwa? Ka kai wa lauyan gidaje ya duba maka, awa ɗaya ta isa.

Maman Fadila: Lauyan ma kuɗi ne. Ni wai a Ohio nawa ake samun gida mai ɗaki uku yanzu? Maigidana yana maganar mu baro Maryland.

Abban Yusra: Zan nemi takardar a imel idan na tashi aiki da asuba. Maiɗakina dai ta riga ta auna labulen ɗakin Yusra.